Kwalbar garin gane iska: shin tana jure iskar hunturun Katsina?

Wannan ƴar kwalbar roba an ƙera ta ne don mafarautan barewar Amurka. Cike take da farin gari marar wari. Ka matse ta, garin ya fita kamar hayaƙi ya nuna maka inda iska ke kai warin jikinka. Tana shiga aljihun gaba, ba ta ƙara, da hannu ɗaya ake aiki da ita.

Da asuba, kafin iska ta farka, babu abin kushewa a kanta. Ko sanyin da fata ba ta ji, garin zai bi shi. A matsa sau biyu, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya daidai ƙirji, domin a kwari ko bakin rafi iskar ƙasa takan saɓa da ta sama, kuma ta ƙasan ce ke isa hancin gada.

Matsalar tana farawa da hantsi, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ta yi ƙarfi. Garin kan watse kafin ya yi taku biyu. Ga hazo, fari a kan fari, sai an matsa shi a gaban kututturen itace ko riga mai duhu kafin a gan shi. Alhali a irin wannan rana ne aka fi bukatar sanin iska: dabba takan kwanta a bayan tudu ko cikin duhuwar sabara da geza, inda iska ke karo da tsauni ta juyo. Taku biyu ba za su nuna maka wannan juyin ba. Audugar tumfafiya ta fi kwalbar a nan nesa ba kusa ba, don ido zai bi ta har ta shiga duhuwar, kuma kyauta ce.

Bakin kwalbar yana toshewa idan gumi ya taɓa shi. Allura ce maganinsa. In garin ya ƙare, a zuba tokar da aka tankaɗe da rariya mai laushi. Kada a sa hodar jiki, turarenta zai tona asiri.

Ta cancanci saye ga mai fita sassafe. Wanda farautarsa ta rana ce, ya riƙe kuɗinsa. Barewa kuwa ta yi ƙaranci sosai a dazukanmu, a bar ta ta hayayyafa, kuma a nemi izinin hukumar gandun daji kafin a fita.