Abin da ya kamata mai jirgin ruwa ya saya don tsare injinsa a tasha

Duk wanda ke ɗaure jirgi a tashar ruwa ta Yauri, ko a wata gaɓa ta tafkin Kainji, ya san cewa ɓarawon dare ba kasafai yake neman shi jirgin ba, domin jirgin katako yana da wuyar ɓoyewa kuma masunta sun san na kowa. Injin da ke maƙale a bayansa shi ne abin nema, don haka a kansa ya kamata kuɗin tsaro su fara sauka.

Mafi arha shi ne kwado. Ƙananan injunan Yamaha suna kama katakon bayan jirgi ne da noti biyu masu hannu, kuma a jikin hannayen akwai ƙofofi da ake zura kwado ta ciki don kada a iya murɗa su. Wannan yana hana mai hanzari, amma ba ya hana wanda ya zo da zarto. Idan za a saya, a nemi kwado mai jikin tagulla saboda tsatsa, wanda wuyansa gajere ne kuma a rufe, yadda bakin almakashin ƙarfe ba zai sami wurin kamawa ba. Ya fi wannan ƙarfi a huda katakon a ɗaure injin da ƙusoshi masu noti ta ciki, sai dai hakan ya dace ne kawai da wanda ba ya cire injinsa kullum.

A nan nauyi ke yanke hukunci. Inji mai ƙarfin doki 15 bai cika nauyi ba, mutum ɗaya zai saɓa shi zuwa shago da yamma, kuma a ganina babu na'urar da ta kai wannan aminci. Mai ƙarfin doki 40 kuwa ya haura kilo 60, cire shi da mayarwa kullum wahala ce, saboda haka dole ya kwana a ruwa, dole kuma a kashe masa kuɗi.

Sarƙa ta fi igiyar waya nesa ba kusa ba, domin waya ana tsinka ta zare-zare da ƙaramin abu. A zaɓi sarƙa mai kauri wadda aka shafe da sinadarin hana tsatsa, a ratsa ta ta jikin injin da ƙashin jirgin kafin a kai ta turke. A bar mata sarari, tun da ruwan Kainji yana hawa da sauka ƙwarai tsakanin lokutan shekara, kuma sarƙar da ta ɗame tana iya karkatar da jirgi har ya sha ruwa.

Na'urar bin sawu ta GPS tana da amfani bayan an yi satar, amma tana buƙatar layin waya da caji, kuma akwai tsibirai da lungunan da sabis ba ya kaiwa. Wanda ke aiki kusa da gari zai ci moriyarta. Fitilar sola mai haska turaku ta fi ta arha, kuma masu jirage da yawa za su iya haɗa kuɗi su saya tare da biyan maigadi, musamman idan an bi ta hannun Sarkin Ruwa ko ƙungiyar tashar, yadda za a san wanda za a tambaya da safe.

Taru, jarkokin mai, batir da rigunan kariya ba su cancanci a saya musu makulli mai tsada ba, a kwashe su a tafi da su gida. Kafin a biya kuɗin inji, sabo ko na hannu, a duba lambarsa da ke jikin ƙarfen da ke riƙe shi da jirgi, a tabbata ta yi daidai da ta rasit, a ɗauki hotonta, sannan a yi wa jirgin rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. Injin da aka kankare lambarsa kada a saye shi komai arharsa.