Wace na'urar auna oksijin ta dace da ɗakin jarirai?

'Yar'uwa unguwarzoma, kafin ki miƙa kuɗin ƙaramin asibitinku a kan na'urar auna oksijin a jini, ki tuna jinin jariri ba irin namu ba ne. Ya fi kauri. Jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 45 zuwa 65 cikin 100 na jininsa, in suka haura 65 sai ya riƙa ratsa ƙananan jijiyoyi da ƙyar. Ita kuwa na'urar, haske take harbawa ta cikin fata, ta karanta bugun jinin da ke wucewa. Bugu ya yi rauni, ta rikice.

Lafiyayyen jariri mai ɗumin jiki, kusan kowace na'ura za ta ba ki lamba, wato kason oksijin a jininsa cikin 100. Amma bakwaini, ko wanda sanyi ya kama, ko wanda cuta ta shiga jininsa, jiki kan janye jini daga hannu da ƙafa ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ki taɓa tafin ƙafarsa ki ji sanyi ƙalau, ki danna ƙirjinsa ki saki, launi bai dawo ba sai bayan daƙiƙa 3. Don wannan yaron ake sayen na'ura.

Ta maƙalawa a yatsa da ake sayarwa a kemis, ki bar wa manya. Yatsan jariri bai cika bakinta ba, haske na shiga ta gefe. Na taɓa ganin irinta tana nuna 97 a yatsan yaron da leɓɓansa suka fara shuɗi. Da ta yi shiru ma da ya fi.

Ni zaɓina ta riƙewa a hannu mai igiya da ɗamarar roba da ake naɗawa a tafin hannu ko ƙafa. Akwai Rad-G ta kamfanin Masimo, akwai na Nellcor, akwai kuma ta Lifebox da aka ƙera don asibitocin da wuta ba ta zama. Ki nemi mai nuna ƙarfin bugun jini da zanensa a fuskarta, don ki san lokacin da za ki yarda da lambar. Ki tambayi ko an gwada ta a kan baƙar fata: binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya nuna ƙarancin oksijin da na'ura ba ta gano ba ya kusa ninka uku a masu baƙar fata in an kwatanta da farare.

Babbar ta kan tebur mai ƙararrawa, sai inda ake ɗora bakwaini a kan oksijin dare da rana. Can ana riƙe oksijin jininsa tsakanin 90 da 95, don in ya yi yawa yana lalata ido. Tana da tsada, tana son wuta tsayayya.

Abin da ke cin kuɗi daga baya ɗamarar ce. Ta yarwa ta fi kama fata, amma kullum sai saye. Mai gogewa a sake sawa ta fi dacewa da aljihunmu. Ki tabbata dillalin yana da ita a shago, ba sai an yi odar wata uku ba, kuma ki sayi biyu tun farko.

Kada ki cika kuɗi sai an kawo ta ɗakin. Ki naɗa a hannun dama na jariri mai wutsil-wutsil, sannan a ƙafa, ki rufe da zani in yana ƙarƙashin fitilar ciwon shawara, ki ga ko lambar za ta tsaya.