Hel: koren kwanso, niƙaƙƙe ko baƙi, wanne za ki saya?

Duk wadda ta taɓa zama a Madina gab da shan ruwa, aka miƙo mata dabino da gahawa mai ruwan ɗorawa a ɗan mitsitsin kofi, ta san ƙamshin da nake nufi. Rabin ƙamshin nan ba na gahawar ba ne, na hel ne. Haka mutanen Saudiyya ke kiransa. A Masar da Sudan habbahan ake cewa, Indiyawa su ce elaci, masu kayan ƙamshi da yawa a kasuwanninmu kuwa sun fi gane kadamom. Kakata, da ta yi zaman Sudan a hanyarsu ta zuwa Hajji, habbahan take cewa har ta koma ga Allah, kuma a shayin madararta na fara sanin shi.

Abin da ke sa a tsaya tunani kafin a saya shi ne tsada. In aka cire za'afaran da banila, da wuya a samu kayan ƙamshin da ya kai shi kuɗi, kuma tsadar tana da dalili. Shukar 'yar'uwar citta ce, tana son inuwar daji da ruwan sama mai yawa, sai ta yi shekara 2 zuwa 3 kafin ta fara haihuwa. 'Ya'yan daga gindi suke fitowa, kusa da ƙasa, kuma ba sa nuna lokaci guda, don haka masu tsinka sai sun yi ta zagayowa gona ɗaya suna durƙuso, suna zaɓa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ana cire su gab da su gama nuna, don kada kwanson ya tsage, sannan a busar a ɗaki mai ɗumi kaɗan-kaɗan domin koren ya tsaya. Abin da aka sha wannan wahala a kansa bai kamata ki biya kuɗinsa ki koma gida da dusa ba.

Koren kwanso shi ne zaɓina na farko, kuma nesa ba kusa ba. Ki fasa guda ki gani: ɗakuna uku ne a ciki, ɗauke da ƙwayoyi kamar 15 zuwa 20. Man da ke ba da ƙamshin a cikin ƙwayoyin nan yake, irin mai saurin tashi ne, ɗaya daga cikin sinadaransa ma shi ne wanda ke cikin ganyen bishiyar turare, shi ya sa kike jin ɗan sanyi-sanyi a hanci. Kwanson murfi ne da Allah Ya yi masa. Muddin bai fashe ba, ƙamshin na nan a tsare har shekara guda, in an adana da kyau.

Sai dai koren ma yana yaudara. Wata shekara ana saura kwanaki azumi na ga wani a faranti, kore shar kamar ganyen alayyafo bayan ruwa, farashinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Na saya da yawa. Da na je gida na fasa uku zan sa a shayi, sai na ga ƙwayoyin farare-farare, a motse, babu wani ƙamshi sai na ciyawa. Na jiƙa bakin farin ƙyalle na murza kwanson, ƙyallen ya koma kore. Rini aka yi masa. Abin ya yi min ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don abin da iyalina za su sha ne. Da na ba wani dattijo mai kayan ƙamshi labari, wanda tun daga lokacin wurinsa nake saye, sai ya ɗebo guda ya ɗora min a tafin hannu ya ce, “Hajiya, wannan kaya ba a sayensa da ido. Fasa ki sansana. Wanda ya hana ki fasawa, ki bar masa kayansa.” Na sa farce na tsaga. Ƙwayoyin baƙaƙe ne masu ɗan ja, a manne da juna, suna ɗan danƙo a yatsa, ƙamshin kuma tun kafin in kai hanci ya iso.

To, abin dubawa ke nan. Kwanso ya zama a cike, mai ɗan nauyi, bakinsa a rufe, in kin matsa shi kada ya lotse kamar fanko. Korensa ya zama na halitta, wani ya fi wani kaɗan. In duk farantin launi ɗaya ne sak mai ƙyalli, ki yi gwajin ƙyalle. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ko ya tsufa ko rana ta dake shi, amma wani lokaci cikinsa da sauran ƙarfi, don haka hukuncin na ƙwaya ne. Akwai kuma wanda aka riga aka tatse mansa aka busar aka dawo da shi kasuwa. Irin wannan siffarsa lafiya lau, amma ki tauna ƙwaya ɗaya: na kirki zai cika miki baki da sanyi da ɗan yaji-yaji, tatsattsen kuwa kamar kin tauna kara.

Za ki ji masu sayarwa na cewa wannan ɗan Indiya ne, wancan ɗan Gwatemala. Asalin hel duwatsun kudu maso yammacin Indiya ne, kuma har gobe jihar Kerala, musamman gundumar Idukki, ita ce cibiyar nomansa a can. Gwatemala kuwa, da ke tsakiyar nahiyar Amurka, wani Bajamushe manomin gahawa mai suna Oscar Majus Kloeffer ne ya kai irin can kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shukar ta karɓi ƙasar yankin Alta Verapaz, har ƙasar ta zama kan gaba wajen fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Su kansu mutanen Gwatemala ba su cika girki da shi ba, mafi yawansa ƙasashen Larabawa yake tafiya. Indiya kuma tana cinye yawancin nata a gida. Wannan na nufin tsarabar hel da aka kawo miki daga Makka ko Dubai, akwai yiwuwar ɗan Gwatemala ne ko da kwalin rubutun Larabci ne. A hancina ɗan Indiya mai kyau ya fi zaƙin ƙamshi, kuma yawanci ya fi tsada. Amma sabon ɗan Gwatemala ya fi tsohon ɗan Indiya da ya shekara biyu a kanti. Kada sunan ƙasa ya sa ki fasa gwajin farce.

Batun girma ma haka. Da milimita ake tace shi: za ki ga an rubuta 6, 7 ko 8 a jikin leda, kuma kowane ƙarin milimita ƙarin kuɗi ne. Manyan suna da kyan gani, sun dace da tsaraba, ko shinkafar baƙi da za a ga kwanson a sama. In daka shi za ki yi ki zuba a shayi, mai milimita 6 ko 7 da ya cika da ƙwaya ya wadatar. A nan ne nake ganin mutane na zubar da kuɗi a banza.

Tsurar ƙwaya, wadda aka ɓare aka zuba a kwalba, tana da amfani ga mai yin kek ko cincin na sayarwa, wadda ba ta da lokacin zaman ɓara. Kuɗinki duk a kan abin amfani ya tafi, babu nauyin ɓawo. Illarta ita ce murfin ya tafi, ƙamshin ya fara guduwa, don haka ki sayi wadda za ki ƙarar cikin 'yan watanni. Ki kuma lura da kyau, domin ƙwayar tana kama da ta citta mai 'ya'ya, dangi ne ma na jini, kuma ido kaɗai ba ya rabe su da sauri. Harshe ne ke rabewa: citta mai 'ya'ya zafi take yi kamar masoro, hel kuwa sanyi da ƙamshi.

Niƙaƙƙen gari shi ne na ƙarshe a wurina. Sau da yawa da ɓawon ake haɗawa a niƙa, shi ya sa za ki gan shi fari-fari mai zare-zare, ga shi ba ki da hanyar sanin me aka ƙara. Ko tsantsa ne, daga ranar da aka buɗe robar ƙarfinsa ke raguwa, bayan 'yan makonni sai kin ninka awo. Ɓare kwanso biyar ki daka a ɗan turmi da rabin cokalin sukari bai kai minti uku ba, sukarin ne ke taimaka wa ƙwayar ta daku lukui. Farin hel kuma, wanda Turawan arewacin Turai suka saba da shi, koren ne aka wanke masa launi da sinadari, ƙamshinsa ya fi rauni. Su mutanen Suwidin da Finlan burodi mai zaƙi suke yi da hel, kuma sun iya, amma ban ga dalilin da zai sa ki nemi farin ba.

Baƙin hel wani abu ne daban, kuma nan ake yawan kuskure. Ba koren ba ne ya tsufa, wata shuka ce da ake nomawa a Nepal da Butan da jihar Sikkim ta Indiya, a gindin duwatsun Himalaya. Kwansonsa babba ne, ya kusa kai girman ƙwallon dabino, mai kaushi, kuma a kan wuta ake busar da shi, shi ya sa yake warin hayaƙi irin na banda. In kika jefa shi a shayin madara ko kwaɓin kek kin ɓata su. Amma a farfesun kan rago, ko naman sa da zai daɗe a wuta, ko shinkafar da aka dafa da romon nama, guda ɗaya tak da aka ɗan fasa yana ba tukunya wani zurfin ɗanɗano da koren ba zai bayar ba. Ki tsame shi kafin a zuba abinci. In ba kya yawan irin wannan girki, guda biyar sun ishe ki wata da watanni.

Shi koren, abokansa na kusa su ne madara, sukari, dabino da gahawa. A butar shayi ta mutum huɗu nakan fasa kwanso 3 ko 4, da 'yar citta, da kanumfari 2, da guntun kirfa. Kanumfarin ne abin kiyayewa, in ya yi yawa sai ya danne hel ɗin gaba ɗaya, kin yi asarar mai tsadar saboda mai araha. Yana shiga kunun gyaɗa da kunun aya sosai, haka ruwan sukarin da ake tsoma dubulan ko alkaki. A shinkafa irin kabsar Saudiyya ko biryanin Indiya, da kwansonsa ake jefa shi cikin mai mai zafi tare da albasa, ya ɗan kumbura kafin a zuba nama. A zoɓo dai ban ga ya fito ba, tsamin yana rinjayarsa, gara a bar wa citta da kanumfari wannan fagen.

Sauran magana ita ce lokaci da adana. Buƙatarsa na tashi gab da azumi saboda gahawar ƙasashen Larabawa, kuma abin da ya faru a gonakin can nesa yana iso mu: bayan ambaliyar Kerala ta 2018, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2019. Ni tun watan Rajab nake sayen nawa, giram 50, wanda ke kai gidanmu har bayan Babbar Sallah. Daga leda nake juye shi a kwalbar gilashi mai murfi gam, in sa a can cikin kabad, nesa da murhu da taga, domin zafin Maris da Afrilu kaɗai ya isa ya shanye masa mai, damina kuma ta sa masa sanyi ya yi fumfuna. Ba na ajiye shi kusa da daddawa ko yajin tafarnuwa. Ranar da zan yi amfani da shi nake fasa abin da nake buƙata, sauran su ci gaba da zama a rufe.