Fiyus ko bireka: wanne za ka saka wa solar motar yawon shaƙatawa?

Fiyus ba inbata yake karewa ba, waya yake karewa. Motar da aka mayar ɗakin kwana kullum cikin jijjiga take, wayoyi na gugar ƙarfe, ga katako da katifa a kusa. Saboda haka kaurin waya ne ke yanke girman fiyus, kuma wurinsa kan wayar fozitib ne, bai wuce santimita 18 daga kan batir ba.

Babban fiyus na bakin batir shi ne inda ba a rowa. Batirin litiyam idan wayoyinsa suka haɗu yana iya zubo dubban amfiya nan take. Fiyus ɗin da bai kai ba zai narke, amma wutar ta tsallake ta ci gaba da ci. Don haka kada ka tsaya kan lambar amfiya kaɗai, duba iyakar wutar da zai iya yankewa. Cikin nau'o'in fiyus, MEGA yana yanke kusan amfiya 2,000, ANL kusan 6,000, MRBF mai zama a kan batir kai tsaye 10,000 a tsarin bolt 12, Class T kuwa 20,000. Ga batirin ruwa guda ɗaya ANL ya wadatar. Litiyam ɗaya mai 100Ah, MRBF zai yi. Da zarar ka haɗa litiyam biyu ko uku gefe da gefe, sayi Class T. Yana da tsada, kuma ba a ko'ina ake samunsa ba, sai ka sayi biyu ka ajiye ɗaya a mota.

Ga lissafi: inbata mai wat 2,000 a kan bolt 12 tana jan kusan amfiya 195 idan aka haɗa da asarar da take yi. Ƙara kashi 25 cikin 100, ka sa fiyus 250 da waya mai 70mm². Kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir daga solar) mai amfiya 30 kuwa fiyus 40 da waya 10mm² sun ishe ta.

Bireka ya fi amfani tsakanin farantin solar da kwantirola, domin a nan ne ake buƙatar kashe wuta kafin a taɓa komai. Dole ya zama na DC. Na gida ba ya iya kashe tartsatsin DC, sai ya ƙone a rufe. A duba bolt ma: faranti uku a jere (+ na wannan haɗe da − na wancan) sukan haura bolt 60, ƙarfin yana ƙaruwa da sanyin asuba, alhali birekan mota yawanci 48 ne iyakarsu. Wasu suna da alamar + da −; idan aka juya su, ranar da aka kashe su rana tsaka za su kama da wuta. Birekan nan masu araha da ake sayarwa don sifikun mota, a bar su: sukan yi zafi su faɗi tun wuta ba ta kai lambar da aka rubuta ba.

Fiyus na kan rufi ba ya zama dole sai layukan faranti sun kai uku a haɗe gefe da gefe. A nan kowane layi ya sami nasa mai bakin MC4 (mahaɗin wayoyin faranti), daidai da abin da takardar bayan farantin ta ce, galibi amfiya 15 ko 20.

Wajen ɗauri, kan waya ya kwanta kai tsaye a kan fiyus, wosha ta zo daga sama. Woshar da ta shiga tsakani ita ke narkar da mazaunin. Bayan rabin awa ana jan wuta, taɓa murfin. Idan ya yi zafi, mai yiwuwa noti bai ɗauru ba.