Shimano 105 Di2: masu cewa giyar malalata ce ku saurara

Duk sanda aka taso da zancen giyar lantarki a keken tsere sai kaji wani yace ai ta 'yan gayu ce da malalata, wai meye abin wahala a tura liba da yatsa. Ni 105 Di2 nake hawa, giyar lantarki wadda kamfanin Shimano ya fitar a 2022 mai giya 12 a baya, kuma wallahi masu faɗin haka basu taɓa ganin mai raunin hannu yana fama da giyar kebul ba.

Yayana hannunsa na hagu bai koma daidai ba tun da yayi hatsarin mashin, gashi giyar gaba a hagu take kuma ita tafi tauri, sai ka murɗa wuyan hannu ka tura liba har ƙarshe kafin kaca ta hau babban faranti, shi kuwa rabin hanya yatsunsa suke sakewa. A Di2 maɓalli ne kawai, kana taɓawa zakaji ɗan moto yayi ƙara ya ɗaga kacar. Abinda yafi burgeni shine Synchro Shift, ka shiga manhajar E-Tube a wayarka ka saita, daga nan da hannun dama kaɗai zaka dinga canzawa, ta gaba ita zata canza kanta in lokacin yayi. Dana bashi ya gwada bai taɓa maɓallin hagu ba har ya dawo. Haka zata taimaki mai ciwon gaɓoɓi, haka dattijon da yatsunsa suka fara sanƙarewa.

Amma fa akwai inda suka ɓata min rai. Kuɗinta ya kusa dala 1,900 lokacin da ta fito, yawancin masu buƙatarta da gaske basu da shi. Sannan ba wajen jona ƙarin maɓalli kamar na Ultegra, giyar Shimano da ke sama da ita, alhali mai lalurar hannu shi yafi buƙatar a sa masa maɓalli inda yatsansa ke kaiwa. Birki ma har yanzu sai ka matsa, duk da mai aiki da mai ne, yafi na kebul laushi.

Caji kam ba matsala, Shimano tace yana kai wajen kilomita 1,000. In ta lalace ne abin tsoro, mai gyaran keken unguwarmu ya duba yace shi bazai taɓa ba, kayan gyaranta sai an yi odarsu daga waje.