Gargaɗi ga masu manyan babura: kada ka saki naka kafin na musaya ya shigo hannunka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya manyan babura. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin ba ta da daɗin faɗa. Amma shekaranjiya wani ƙanena a harkar hawa ya turo min hoton wata talla yana neman shawara, ina dubawa na ga kalmomin da aka kama ni da su ne, ko wasali ba a canja ba: "Kawo naka, ka yi ciko, mu haɗa maka wanda ya dace da jikinka." Sunan shafin kawai aka sauya. Daga nan na san idan na ci gaba da yin shiru, haƙƙin wanda za a cuta gaba yana wuyana.

Shekara shida ina hawa Suzuki V-Strom 650, ƙirar 2012. Bai taɓa ajiye ni a hanya ba. Matsalar jikina ce. Idan na tashi daga Kano na bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kafin in shiga Bauchi bayana ya riƙe, wuyan hannuna ya yi tsami, iska kuma ta gama dukan kafaɗuna. Sai na fara tunanin komawa BMW R1200GS, mai shaf (sandar ƙarfe da ke juya tayar baya) maimakon sarƙa, wanda aka ƙera domin doguwar tafiya. Kuɗin saye kai tsaye ba ni da su, don haka musaya da ciko ita ce hanyar da ta rage min, kamar yadda muke yi da waya da mota.

Mutumin na same shi ne a Instagram, daga can muka koma WhatsApp. Ba irin masu cewa turo kuɗi a aiko maka da kaya ba ne, kuma wannan ne ya sa na saki jiki. Ya ce in zo in gani da idona. Na hau babur ɗina na je garin da yake, na tarar da shi a wani filin sayar da motoci, ga GS nan a tsaye, wanke tas. Ya tayar da shi, injin na bugawa lafiya. Na ce zan gwada a titi, ya ce, "Alhaji, ai ba lamba, ka zagaya nan cikin fili." Na zagaya sau uku a giya ta ɗaya da ta biyu, inda ba abin da babur zai nuna maka.

Daga nan ya ɗauko tef irin na tela. Ya auna tsawon hannuna, ya auna ƙafata daga ƙugu zuwa ƙasa, ya tambayi nauyina da ko ina ɗaukar wani a baya. Ya ce kan babur ɗin yana son a ɗaga shi, kujerar a sake mata soso, a sa gilashin gaba mai tsawo, da akwatunan gefe, da ƙarfen kariya, da ƙarin fitilu saboda tafiyar dare. Wallahi duk abin da ya faɗa ya yi daidai da ciwon da ke damuna. Mutum ne da ya san babur, kuma da wannan sanin yake farauta.

Tarkon yana cikin jimla ɗaya da ya faɗa a ƙarshe: aikin zai ɗauki mako biyu, in bar V-Strom a matsayin kafin alƙalami, in ba da rabin cikon a sayo kaya. Na miƙa makullai biyu, da takardun kwastam, da takardar mallaka. Har na sa hannu a takardar sayarwa wadda ba a rubuta sunan mai saye ba, wai zai cike daga baya. Na koma gida a motar haya da rasit ɗaya na hannu, kuma asusun da na tura kuɗin ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne.

Ku lura da kyau, gyaran nan da ake yi maka alkawari shi ne dalilin da zai sa ka tafi ka bar naka ba tare da ka karɓi nasu ba. Ba don shi ba, musaya hannu da hannu ce, ka ba ni in ba ka. Da zarar an shigo da maganar "sai mun haɗa maka", an mayar da kai mai cinikin biri a sama, alhali ka ga birin a ƙasa da idonka.

Mako biyu ya zama wata biyu. Yau kaya suna tashar jirgin ruwa a Legas, gobe mai fenti ya yi tafiya, jibi an yi masa rasuwa. Ana cikin haka wani abokina ya ga V-Strom ɗina a wani guruf ana tallarsa a wata jiha, ya gane shi da wata 'yar lotsawa da ke jikin tanki. Na koma filin, sai mai wurin ya ce min mutumin ba yaronsa ba ne, kuɗin ajiya kawai yake biya, kuma ba ni ne na farko da ya zo yana tambaya ba. A nan na haɗu da wani bawan Allah da aka auna shi da tef ɗin nan a kan wannan GS ɗin, shi Kawasaki Versys ya bayar. Har yau ko ƙusa bai samu ba.

Ni da na kai ƙara wurin 'yan sanda, aka matsa masa ta hannun dillalin da ya haɗa shi da filin, sai ga babur an kawo min a bayan mota, ya sha ado, ko'ina ƙyalli. Na kai wa bakanikena na ce ya cire duk abin da aka ɗora. Abin da muka gani shi ne ya fi tayar min da hankali fiye da kuɗin.

Injin GS tukwanensa biyu a gefe suke, hagu da dama, su ne ke fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi. Muna cire murfin kariyar da aka sa, sai ga walda a murfin tukunyar dama, mai yana tsattsafowa. Ƙarfen da aka ɗaga kan babur da shi ya ja tiyon birkin gaba ya miƙe tsam, idan ka karya kan zuwa hagu har ƙarshe sai ka ga yana neman tsinkewa. Wanda ya san aiki idan ya ɗaga kai da yawa, dole ya duba tsawon tiyo da wayoyi, ya canja idan sun gaza. Fitilun kuma an yanka wayoyin babur ne aka dasa su, alhali wutar waɗannan babura kwamfuta ce ke sarrafa ta, shi ya sa allon gaba ke ta nuna alamar matsala. Da bakaniken ya saki kan a hanya mai kyau a hankali, babur ɗin ja yake yi gefe guda.

Sai maganar lambar casis, wadda na yi sakaci ban duba ba ranar farko. Tana wuyan firam, ƙasan kai, kuma an lafta mata fenti mai kauri. Da muka goge, ba ta yi daidai da ta jikin takardar kwastam ɗin da aka haɗo ni da ita ba. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Yawanci ta baburan BMW tana farawa da WB1, ta Suzuki da JS1, ta Yamaha da JYA. A baburan da aka yi wa kasuwar Amurka, gurbi na 10 shi ne shekarar ƙira: D na nufin 2013, E 2014, F 2015, G 2016. An sayar min da shi a matsayin ƙirar 2016, harafin da ke jiki D ne. Da na rubuta lambar a Google, sai ga hotunansa a wurin gwanjon ababen hawan da suka yi hatsari a Amurka, gabansa a murƙushe. Binciken da bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma kyauta.

Wani abin baƙin ciki, yawancin abin da ya caje ni a kai babur ɗin da shi ya zo daga kamfani. Kujerar GS tana da hawa biyu, milimita 850 da 870, da hannu ake sauyawa. Gilashin gaba na ƙirar 2013 zuwa sama da ɗan mamurɗi ake ɗaga shi ko a sauke. Kan babur ana iya sassauta shi a juyo da shi kaɗan zuwa jikinka. Ba tef ne ke gaya maka abin da babur ke buƙata ba, sai ka hau shi makonni, ka yi doguwar tafiya ko sau biyu, jikinka ya nuna maka inda ke ciwo, sannan ka canja abu ɗaya ka sake gwadawa.

Don haka ɗan'uwa, raba cinikin gida biyu. Musaya daban, gyara daban, kuma ba dole mutum ɗaya ya yi su ba. Ka karɓi babur tsirara yadda ya zo, ka je da bakanikenka ba nasu ba, a sa masa na'ura a karanta kwamfutarsa, ka hau shi a titi har giyar ƙarshe. Ka haɗa lambar casis da ta inji da abin da ke takarda harafi bayan harafi, ka kai takardar ofishin kwastam a tabbatar maka kafin ka saki sisi. Idan yana da lamba, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin duba lamba. Kuɗi kuma asusun da ke ɗauke da sunan da ke katin shaidarsa kawai. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu a kan bashi. Takardar sayarwa mai gurbi a buɗe kada ka sa mata hannu ko da wa ya roƙe ka, domin da ita aka sayar da nawa, kuma da an aikata wani laifi da shi kafin a canja suna, ƙofata za a fara ƙwanƙwasawa.

GS ɗin yana nan a garejin gidana a lulluɓe. Ba zan iya yi masa rajista da takardar wani babur ba, ba zan hau shi da karkataccen gaba ba, ba kuma zan sayar wa wani in cuce shi yadda aka cuce ni ba. Maganar tana hannun hukuma, shi ya sa ban ambaci suna ko gari ba. Duk wanda aka yi wa irin wannan, don Allah kada kunya ta hana shi, ya tattara rasit da shaidar tura kuɗi da hirarrakin WhatsApp da lambar casis ɗin babur ɗin da ya bayar, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa ko EFCC. Ƙanen nan nawa da ya turo min tallar, an riga an ba shi ranar Asabar ya zo a auna shi. Na kira shi daren jiya na ce kada ya je.