Fistol mai cin harsashin 5.7mm: daɗi a filin harbi, ciwon kai a ƙugu

Ban taɓa riƙe ƙaramar bindiga mai laushin harbi kamar wannan ba, kuma ni ba baƙon bindiga ba ne, na yi aikin ɗamara kafin in koma kasuwanci a Kaduna. A Houston ta jihar Texas a Amurka na gwada ta, wajen ƙanina da ke zaune can, wanda ya saye ta da niyyar ya riƙa sa ta a ƙugu in zai fita aikin dare. A Texas tun 2021 wanda ya kai shekara 21 yana iya yawo da fistol ba tare da lasisi ba. Ni kuwa mai bizar ziyara, sai da ya saya mini lasisin farauta kafin dokarsu ta yarda in taɓa ta.

Da ya zaro harsashin daga kwali dariya na yi. Siriri ne, kansa bai kai giram 3 ba, alhali kan harsashin 9mm da muka saba da shi yana kai giram 8. Na ce masa wannan ai na harbin kurciya ne. Ya ce, "Yaya, harba tukuna." Na danna kunama ina jiran naushin nan da fistol ke yi wa tafin hannu, sai na ji kusan babu. Bakin bindigar bai yi sama ba, saitina na nan inda na bar shi, na sake harbawa, na sake, ramukan duk suka taru wuri ɗaya a takardar. Gidan harsashinta na cin guda 20, ga ta ba nauyi. Matarsa da ke tsoron 9mm ita ma ta harba ba ta ko runtse ido ba. Sirrin dai gudu ne: ƙaramin kan yana fita da gudun da ya haura mita 500 a daƙiƙa, na 9mm kuwa yawanci bai kai 400 ba. Kamfanin FN na Beljiyom ne ya ƙirƙiro harsashin don sojoji, ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da shi a 2021, yanzu kamfanoni da dama na ƙera bindigar da ke cinsa. A wannan lokacin da an tambaye ni, da na ce babu kamarta.

Abin ya fara lalacewa ne a gida. Na ce bari in ga yadda ake ɓoye ta, tunda don haka aka saye ta. Muka cire harsasai, muka duba da kyau, na sa ta a kube na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin kaftani. Ashe harsashin ne ƙarami, bindigar kuwa zabgegiya ce, tsawonta ya kai tafin hannu da yatsu. Kuma da yake harsashin dogo ne, ya fi na 9mm da kusan santimita ɗaya, mariƙin ya yi faɗi, mai gajerun yatsu sai ya yi da gaske kafin ya kai ga kunama. Ina tsaye kaftani ya rufa asiri. Da na zauna a kujera bakin ya tokare ni a cinya. La'asar ta yi, na ce bari in yi salla da ita in ga ƙarshen abin, ina yin ruku'u gindin mariƙin ya turo rigar kamar na soke ƙotar fartanya a baya. Ɗan ƙanina mai wayo ya tambayi uwarsa me Baffa ya ɓoye. To in yaro ya gane, wa za a ɓoye wa? Zaro ta daga ƙarƙashin kaftani kuma wani aiki ne daban, sai ka tattare riga har ƙirji da hannu ɗaya. Shi ma ƙanin nawa da ke sa ƙaramar riga ya amsa cewa yawancin ranaku a mota yake barin ta, saboda ta dame shi.

Sai kuma ƙara. Laushin hannu ya sa na manta da ita, amma tana da wata ƙara mai kaifi da walƙiyar wuta a baki, ko da abin toshe kunne kana jin ta a haƙora. A cikin ɗaki da daddare ban san wanda zai fi firgita ba, kai ko ɓarawon.

Abin da har yanzu ke ba ni haushi shi ne mai shagon da ya sayar masa. Ya cika shi da labarin wai tana huda rigar sulke. Harsashin da aka yi don haka na sojoji da 'yan sanda ne, ba shi ake sayar wa farar hula ba, kuma mai shagon ya fi kowa sani. Wanda ake samu ɗin ma kuɗinsa ya ninka na 9mm, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Bindigar kare kai da mai ita ke jin ƙyashin yin atisaye da ita saboda tsadar harsashi, ina amfaninta? Ga shi ramin da take hudawa ƙarami ne, masana na ta jayayya a kan ko yana tsayar da mahari da wuri.

Masu turo mini saƙo daga Rigasa da Kawo suna tambayar yadda za a shigo da irinta, ku daina. Na san halin da ake ciki, ban manta harin jirgin ƙasa na Maris 2022 ba. Amma dokar bindigogin Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da aka haramta, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsa, wanda aka kama da shi kuma ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Ƙanina dai na ce masa ya bar wa matarsa ita don filin harbi, shi ya nemi gajeriyar 9mm.